Muryarta Tana Gwaram

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma. Ranar Talata da hantsi Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu tafiya, kafin azahar an kai shi makwancinsa a nan Birnin Kudu. Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara goma sha bakwai ina gidansa bakina bai taɓa furta shi ba, yau ma da na ɗauki biro hannuna ya ƙi.

Masu ta'aziyya sun cika zaure sun cika ƙofar gida, kowa da abin da ya tuna. Ni ina ciki wajen tukunya, amma katangarmu ba ta ɓoye magana. Wani dattijo makiyayi ya taso daga Yalwan Damai da ƙaramin rediyonsa rataye a kafaɗa, ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "To yanzu wa zai taɓa min wannan? Yaran yanzu sai su ce in jefar in sayi sabo." Wata tsohuwa daga Sundimina ta shigo wurin Inna, uwar maigidana, ta ce sau uku Baba yana gyara mata nata, kuma duk sau ukun sai da ya yi mata faɗa a kan barin batir ya ruɓe a ciki. Tana faɗa tana kuka tana dariya. Liman ya ce bai taɓa ganin Baba ya zo masallaci yana sauri ba, bai kuma taɓa ganin ya makara ba.

Can sai na ji wani ɗan majalisarsa ya ce, "Allah ya jiƙan mai rediyon da ba ya magana." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta zaman makoki. Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Amma sai da na ajiye muciya don haushi. Mutum ya yi shekara hamsin yana sa rediyon jama'a magana, a ƙarshe abin da za a tuna shi da shi ke nan? Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Mai dariya ya yi abarsa, amma ya fara sanin abin da yake yi wa dariyar.

Baba mai gyaran rediyo ne, a ɗakin da ke jikin zaurenmu yake aikinsa. A kan teburinsa akwai wani akwati mai nauyi, fuskarsa gilashi ne da lambobi, da jar allura mai tafiya in an murɗa, sai wani ɗan ido a gefe da ke yin kore in an kunna. A cikinsa akwai fitilun gilashi kamar ƙananan kwalabe, su ne masu gyara ke kira bawul. Baba ya sa wa akwatin nan suna Tsohuwa, mu ma duk muka bi bakinsa. Ita ba cikakken rediyo ba ce. Aikinta kamo tashar FM kawai, ba ta da sifika, sai an haɗa ta da wani akwatin, amfilifaya, wanda ke ɗaga sauti ya fitar da shi. Baba kan ce, "Wannan kunne ne kawai. Bakin daban yake."

Labarin zuwanta gidan daga Inna na ji shi. Mahaifin su Baba direban babbar mota ne. Shi ya ɗauko akwatunan biyu daga kudancin ƙasa cikin kayan gwanjo, a zatonsa ya samo rediyon da ya fi na kowa a gari. Aka kai inda ake da janareto aka kunna, ba a ji komai ba sai shuu, don a lokacin babu tashar FM da ke isowa nan. Gari ya yi ta yi masa tsiya har ya ture su ƙarƙashin gado. Da zai rasu ya ce akwatunan na 'ya'yansa maza biyu ne, Baba da ƙanensa da muke kira Baffa, kuma kada a raba su.

Shekaru suka shuɗe, aka fara jin an buɗe tashar FM a Kano. Inna ta ce ranar nan ba ta ga abinci ya shiga bakin mutanen nan biyu ba. Baffa ya hau rufin soro da doguwar gora, eriya ɗaure a kanta, Baba yana ƙasa hannunsa a kan mamurɗi, yana ta ɗaga murya.

"Juya yamma! Ƙara! Ka wuce, dawo kaɗan! Tsaya nan, ko numfashi kada ka yi!"

Sai ga muryar mace tana karanta labarai, tas, kamar tana zaune a ɗakin. Baffa ya kusa faɗowa wajen sauka. Inna ta ce magidanta biyu da gemunsu suka rungume juna suna tsalle, ita kuwa kunya ta kama ta ta koma ciki. Tun daga ranar ƙofar gidan nan ta zama majalisa bayan la'asar.

Saɓanin ya faru shekara uku kafin a kawo ni. Baba ya tafi kasuwa, surukan Baffa suka zo masa daga Unguwar Ya, ya so ya nuna musu abin mamaki. Babu wuta, sai ya jawo waya daga janareton maƙwabci ya kunna. Tsohuwa ta yi magana kaɗan, sannan ta yi ƙauri ta mutu. Ana cikin haka Baba ya dawo. Mutumin da ba a san shi da ɗaga murya ba, a gaban surukan ƙanensa ya ce, "Wa ya ce ka taɓa? Hannunka hannun garma ne, ba na wannan aikin ba."

Baffa bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya. Bari in tafi inda garma take."

Washegari ya ɗauki akwatin murya ya ɗaure a bayan babur, ya bar wayar da ke haɗa su biyun a kan tebur, ya tafi Gwaram inda dangin mahaifiyarsu suke da gona. Iyalinsa suka bi shi daga baya. Kada wani ya ce sun yi gaba, don ba su yi ba. Dukansu sun san hukuncin wannan. In sun haɗu a jana'iza sukan yi sallama, su tambayi iyali, su tambayi ruwa. Amma Baffa bai sake taka zauren nan ba, Baba bai taɓa taka nasa ba, haka har shekara ashirin.

Cikin mako guda Baba ya gyara Tsohuwa. Amfilifaya kuwa ba ita ce matsala ba, akwai uku ko huɗu jibge a ɗakin aikinsa. Maigidana ma ya taɓa sayo sabuwa fil daga Kano yana ganin ya yi abin kai. Baba ya juya ta, ya yaba aikinta, ya miƙa masa abarsa ya ce, "Kai ta masallaci, suna bukata. Wannan muryarta tana Gwaram."

Ni a haka na same su. Kullum in ya dawo daga sallar la'asar sai ya shiga ɗakin, ya cire ƙyallen da ke rufe da ita ya ninke, ya dubi allurar sitabilaiza, na'urar daidaita wuta, ya ga ko wutar ta isa, sannan ya murɗa makunni, ƙas. Fitilun ciki su fara ja a hankali kamar garwashin da aka hura. Ba ya taɓa komai sai sun ɗauki zafi. In wani ya ce, "Baba, ba ta kama ba ne?" amsarsa ɗaya ce: "A bar ta ta ɗumi." Wannan maganar ba ta tsaya a kan rediyo ba. In amarya ta ƙi sakin jiki, a bar ta ta ɗumi. In jika ya kasa karatu, a bar shi ya ɗumi. Har tuwon da aka kawo masa da zafi ba ya ci sai ya huce, Inna ta ce wannan mutum shi dai kullum akwai abin da yake jira.

In ta ɗumi sai ya kama mamurɗi da yatsu uku, yana tafiyar da allura yana kallon koren ido. Hasken yakan matso daga gefe biyu, duhun tsakiya yana ƙanƙancewa har ya zama siriri kamar zare. Nan ne tasha ta zauna daidai. Sai ya jingina ya zauna, shiru, babu sauti ko ɗaya. Bayan kamar kwata na awa yakan sake miƙa hannu ya gyara kaɗan, don in zafi ya ratsa ta tashar takan zame. Kafin magariba ya kashe ya rufe.

A farkon zuwana, gaskiya, na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Inna kuwa ta daɗe da yanke nata hukuncin. Wata rana da sanyi ƙullun waina ya ƙi tashi, ta faki idonsa ya fita alwala, ta ɗora ƙwaryar a kan Tsohuwa, daidai kan ramukan da zafi ke fita. Ya dawo ya gani. Ban taɓa jin salatin Baba da ƙarfi irin na ranar ba.

"Hajiya! Numfashinta kika toshe!"

"To abin da ba ya magana ba ya waƙa, ai gara ya yi wani amfani."

"Kashe ta za ki yi!"

"Ni na kashe ta? Wanda ya kori bakinta dai."

Baba ya sauke ƙwaryar da kansa, ya ajiye a bakin ƙofa. Ƙullun dai ya tashi, kuma da safe ya ci wainar har ya nemi ƙari. Inna ce kaɗai take iya gaya masa wannan maganar, kuma ita ma ba kullum ba.

Ni 'yar Gwaram ce, gonar mahaifina tana maƙwabtaka da ta Baffa. Maigidana kuma ɗan fari ne, don haka kunyar da ke tsakanina da Baba ninki biyu ce. Ba na zama inda yake, ba na haɗa ido da shi, in gaishe shi zan yi daga nesa nake durƙusawa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. "Mutanen Gwaram" yake ce min, kamar mu goma ne.

Ɗana na fari wata biyu ya yi a duniya. Bayan masu ta'aziyya sun watse na shiga ɗaki na rufe, ba na ci ba na magana. Baba ba shi da hanyar shigowa ya ba ni haƙuri, al'ada ba ta ba shi ba. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da ƙaramin rediyo a naɗe cikin farin hankici, an ɗiga farin fenti a kan lambar tashar da ake karanta gaishe-gaishen mutanen yankinmu. Sai na ji muryarsa a tsakar gida, yana magana da iska: "A gaya wa mutanen Gwaram, wannan ba ya son a bar shi shiru. Lalacewa yake yi." Na san rediyo ba ya lalacewa don an bar shi shiru. Na kunna don kada in saɓa masa, kuma a ranar na sha kunu. Rediyon yana nan a kan akwatina har yau, fentin bai goge ba.

Shekara huɗu da suka wuce yanar ido ta rufe masa gani. Aka yi aiki, bai yi wani amfani ba. Ya ajiye gyara. Makunni da mamurɗi ya san su da hannu, amma koren ido fa? Rediyon da ke magana makaho ma ya saita shi da kunne. Wannan kuwa sai da mai gani. Maigidana ya gwada kwana biyu, Baba ya sallame shi, ya ce hannunsa na masu latsa waya ne, murɗawa yake kamar yana buɗe famfo. A rana ta uku ina tsintar shinkafa a inuwar ɗakin, na ji ya gyara murya.

"Tsohuwa," in ji shi, "ki tambayi mutanen Gwaram, ko za su taimaka mana da ido? Na ji su suna tsince tsakuwa tun ɗazu, ban ji tsaki ko ɗaya ba."

Na rasa yadda zan yi. Na leƙa wurin Inna, ta yi min alama da haɓa in je. Na shiga na durƙusa a gefen tebur, shi ya juya fuskarsa bakin ƙofa. Ba zan iya amsa masa kai tsaye ba, sai na bi hanyar da ya buɗe. Na ce, "Tsohuwa, ki gaya wa Baba ga mu."

Haka muka yi shekara huɗu, rediyon da ba ya magana shi ne ɗan aikenmu. Ta bakinta ya koya min komai. In fara duba wayar eriya, mai faɗin nan, ko bakinta biyu suna ɗaure a kusoshinsu na baya. In hadari ya taso in kwance ta tun kafin a fara tsawa. Kada in ɗora komai a kanta, nan sai da ya ɗan ɗaga murya don Inna ta ji. Kada in taɓa sa hannu a cikinta ko da a kashe take, don takan riƙe wuta a ciki kamar mai riƙo. In zan murɗa in wuce tashar kaɗan, in dawo, in sake wucewa ta ɗaya gefen, sannan in zauna a tsakiya. Har abin da ba mu da shi ya koya min: in akwai akwatin murya, a rage sautinsa tukuna, ita ake fara kunnawa sannan shi, in za a kashe kuma shi ne farko. Na yi mamakin wannan darasin, amma na riƙe.

Kullum ƙarshen aikin ɗaya ne. In ce, "Tsohuwa, ki gaya wa Baba idon ya rufe." Shi kuma ya ce, "To, madalla."

Yanzu na zo inda nake da laifi, kuma ba zan kewaye shi ba.

Farkon daminar bana na je Gwaram sunan 'yar ƙanwata. Baffa ya aiko in je. Bayan mun gaisa ya ɗaga wani ƙyalle mai ado a kusurwar ɗakinsa, sai ga akwatin murya, yana sheƙi kamar jiya aka saye shi. Ya ce duk Juma'a yakan kunna shi don kada danshi ya kashe shi, ya zauna yana jin gurnaninsa, tunda ba shi da abin da zai faɗa. Ya daɗe yana shafa gefensa da wannan babban hannun nasa da kaftu ya fasa. Sannan ya ce, "'Yata, an ce ke kike kunna masa yanzu. Ki gaya wa Yaya akwatin yana nan lafiya. Ina goge shi."

Ko yaro ya san wannan ba labarin akwati ba ne. Na dawo da saƙon a bakina kamar na ɗauko ruwa a tafin hannu. Na gaya wa maigidana, ya ce, "Ki rufa min asiri, kada ki tayar wa tsoho da hawan jini." Na gaya wa Inna, ta ce, "Ni na gaji. Shekara ashirin ina faɗa, in na buɗe baki cewa zai yi ni na ƙirƙira. Ke aka aika." Saura ni. To ni wace ce da zan tsoma baki a tsakanin suruki da ƙanensa? Maganar ido da eriya daban, wannan daban. Kullum in durƙusa in ce yau zan faɗa, kullum in tashi da abina. Yau ya yi tari, bari sai gobe. Gobe akwai baƙo. Jibi kunya kawai, babu wani dalili. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yi maimai, gero ya fitar da kai. Wata biyar ina riƙe da saƙon mutum.

Shi ne ma ya buɗe min ƙofa. Wata la'asar bayan ya ce madalla, sai ya ƙara da cewa, "Tsohuwa, ko an samu ruwa a Gwaram bana?"

Na ce, "Tsohuwa, ki gaya wa Baba an samu. Kuma Baffa ya ce akwatin yana nan lafiya. Yana goge shi."

"Yaushe ya faɗa?"

Wannan karon bai bi ta kan Tsohuwa ba. Na ce, "Farkon damina."

Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, yana lissafin watanni. Na jira faɗa, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Tsohuwa, ki gaya wa mutanen Gwaram sun kyauta da suka kawo." Ya laluba aljihun tebur ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance. Wayar haɗi ce, a naɗe tsaf. Ya ce, "A gaya masa wannan ma tana nan. Ban jefar ba."

Kafin magariba na buga wa mahaifina waya, ya kai wa Baffa. Baffa ya ce wannan ba abin aike ba ne, da kansa zai kawo. Shinkafarsa tana fadama ta nuna, in ya bar ta tsuntsaye za su gama da ita. A ba shi mako uku.

A kwanakin nan Baba ya zama wani mutum. Ya sa maigidana ya hau rufi ya canza gorar eriya da ta fara ruɓewa. Ya sa aka share gefen tebur inda akwatin murya yake zama a da. Ana saura kwana huɗu ya rasu, ina durƙushe, ya ce, "Tsohuwa, akwai saƙo. Ranar da ya zo, mutanen Gwaram su kunna, amma shi zai murɗa. Kuma in bakina ya yi nauyi, su gaya masa: bawul ɗin nan da ya ƙone, da ma ya tsufa. Ko ni na kunna ranar sai ya mutu. Kwana biyu da tafiyarsa na buɗe na gani. Girman kai ya hana ni bin sa."

Mako biyu da kwana uku Allah ya ba shi daga cikin ukun. Na san ajali ba ya jiran saƙo, malamai sun gaya min, Inna ma ta gaya min. Amma na iya lissafi. Da na faɗa a farkon damina, da sun sha la'asar ɗari tare. Wannan yana ci min rai, kuma ina jin zai daɗe yana ci.

Wayar rasuwar ta samu Baffa a fadama. Ya hau babur har ya kai bakin titi, sai ya tuna, ya juya gida ya ɗauko akwatin ya ɗaure. Wannan juyawar ce ta sa ya iso ana dawowa daga maƙabarta. Ya sauke akwatin a kusurwar zaure, ya zauna karɓar gaisuwa, kwana biyu ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa.

Ranar addu'ar uku maigidana ya ce an aika da sanarwar rasuwa gidan rediyo, za a karanta bayan la'asar. Baffa ya ce, "A nan za mu ji." Ya rungumi akwatin ya shiga ɗakin da rabonsa da shi shekara ashirin, ya ajiye a gurbin da aka share. Ya dubi maigidana, maigidana ya dubi ƙasa ya ce, "Baffa, ita ce ta iya." Aka kira ni. Ƙofar ɗakin a buɗe take zuwa zaure, maza cike, har da mai maganar rediyon da ba ya magana. Na ja mayafi na shiga na durƙusa a wurina.

Na duba eriya. Na kwance tsumma na haɗa waya daga bayan Tsohuwa zuwa akwatin. Na rage sauti, na kunna ta, sannan shi. Fitilu suka fara ja. Baffa ya matso ya ce, "Ba ta kama ba ne?" Kafin in yi tunani bakina ya ce, "A bar ta ta ɗumi." Na ji ya ja numfashi kamar an taka masa ciwo.

Na murɗa, na wuce, na dawo. Na ɗaga sauti kaɗan. Shekara goma sha bakwai ina gidan nan, ranar na fara jin muryarta, mai kauri, mai taushi, kamar mutumin yana zaune a tsakaninmu. Ta bayan katanga na ji Inna, da ke zaman takaba, tana salati.

Aka fara sanarwa. Wani a can, wata a can, namu bai zo ba. Zafi ya ratsa Tsohuwa, tashar ta fara zamewa, shuu yana cin muryar, koren ido yana buɗewa. Maigidana ya ce, "Gyara mana, za a wuce namu!" Na janye hannuwana na ɗora a cinya. Na riƙe saƙo sau ɗaya, ba zan ƙara ba, ko da duk mazan Birnin Kudu ne a zauren.

Na ce, "Tsohuwa, ki gaya wa Baffa, Baba ya ce shi zai murɗa. Ya ce bawul ɗin da ma ya tsufa, ko shi ya kunna ranar sai ya mutu. Ya gani bayan kwana biyu. Ya ce girman kai ne ya hana shi bin sa."

Baffa ya dubi hannunsa, ya juya shi ciki da baya. Ya ce, "Wannan? Na garma?"

"Shi ya ce, Baffa. Da yatsu uku. Ka wuce kaɗan, ka dawo."

Ya kama mamurɗi. Ya wuce, shuu ya ƙaru. Ya dawo a hankali, a hankali, hawaye yana bin gemunsa bai share ba. Muryar ta fito tas, kuma a kan sunan da ban taɓa furtawa ba ta fito, da sunan mahaifinsa, da unguwarmu, da sana'arsa. Mai sanarwa ya ce ya bar mata ɗaya da 'ya'ya da jikoki, da ƙaninsa a Gwaram. Ya roƙi Allah ya yafe masa, ya yalwata masa kabari, ya haɗa shi da waɗanda yake so a inda ba a rabuwa. Zaure ya amsa da amin, Inna ta amsa ta bayan katanga, ni ma ina amsawa har yanzu da nake rubutu.

Na ɗaga kai na duba. Duhun tsakiya ya koma siriri kamar zare, hannun Baffa yana kan mamurɗi bai saki ba.

Na ce, "Tsohuwa, ki gaya wa Baba idon ya rufe."